Sikana kafin aikin muƙamuƙi: abin da na gani a Maraɗi

Duk wanda likita ya rubuta wa sikana, wato hoton asibiti mai nuna ƙashi ta kowane ɓangare, kafin aikin muƙamuƙi, shawarata ya yi ta, ko da sai an yi karo-karo a gida. Ina faɗin haka ne bayan jinyar ƙanena, wanda ya faɗo daga kabu-kabu a hanyar Ɗan Isa, haɓarsa ta bugi kwalta. Baki ya kumbura, haƙoran sama da na ƙasa suka daina haɗuwa, ko kunu sai da cokali. Wasu ƴan uwa suka ce a kai shi wajen mai ɗori. Ba na raina masu ɗori, amma karayar da ke cikin baki ba ta kara da tsumma ba ce.

Hoton farko shi ne na haƙora, wanda ake kira panoramik. An tsayar da shi, ya ɗora haɓa a kan wani ɗan matashi, aka ce ya ciji wani ɗan tsinken roba, na'urar ta zagaye kansa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Cizon nan ne ya wahalar da shi, har hawaye sai da ya zubo. Mai ɗaukar hoton ta yi haƙuri ƙwarai, tana cewa, "Sannu ƙanena, kada ka motsa, yanzu za mu gama." Hoton ya fito da muƙamuƙi gaba ɗaya a shimfiɗe, da haƙora da saiwoyinsu, ga tsagar karaya kusa da haɓa, ko ni da ban san aikin ba na gan ta.

Na ɗauka an gama. Sai likitan ya ce a ƙara da sikana, kuɗinta kuwa sun ninka na farko sau da yawa. Na tambaye shi dalili, bai ji haushi ba. Ya ce ƙashin muƙamuƙin ƙasa kamar awarwaro yake, idan ya karye a wuri ɗaya, sau da yawa akwai ta biyu a wani gefen, musamman can sama kusa da kunne inda gaɓar take. Panoramik fuska ɗaya take nunawa, ƙasusuwa na iya hawa kan juna su ɓoye abu. Ita sikana tana yanka hoton sala-sala, kwamfuta ta harhaɗa, a juya ƙashin ta kowane ɓangare.

Haka kuwa aka yi. Ƙanena ya kwanta rigingine, gado ya shige da kansa cikin zoben na'urar, ba allura, ba zafi, cikin mintuna kaɗan ya fito. A kan allon kwamfuta likita ya nuna mini karaya ta biyu a ƙarƙashin kunnen hagu, kan ƙashin ya ɗan karkata ciki. Ya kuma bi mini da bakin biro wata siririyar hanya a cikin ƙashin, inda jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji take wucewa. Ya ce sai ya san inda take kafin ya ɗaura ƙarfe da kusoshi, don in aka taɓa ta leɓe na iya mutuwa na tsawon lokaci. Wannan bayanin kaɗai ya sa hankalina ya kwanta da kuɗin da na biya.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jira da rashin bayani a wajen karɓar mutane. Mun zo da sassafe, wuta ta ɗauke, aka daɗe kafin a tayar da inji. Ba wanda ya fito ya ce mana uffan. Majinyaci na zaune a kan benci, yawu na zuba, ba ya iya magana. Sakamakon ma ba a ba mu ranar ba, kuma da ya fito da Faransanci yake, cike da kalmomin likitanci. Akwai wata tsohuwa daga Gidan Rumji da na gani riƙe da tata takardar tana neman mai karanta mata. Minti biyu na bayani da Hausa ba zai rage wa kowa komai ba.

Mai zuwa ya cire ƴan kunne, sarƙa, tsinken gashi da haƙoran roba masu ƙarfe, domin ƙarfe yana ɓata hoto. Mace mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin ta shiga, saboda hasken sikana ya fi na hoton haƙora ƙarfi nesa ba kusa ba. A kuma nemi faifan CD ɗin, kada a tsaya ga hoton da aka wanke kawai. In aka tura mutum Yamai ko Katsina, likitan can zai buɗe shi a kwamfutarsa, ba sai an sake biya an sake haska shi ba.

An yi wa ƙanena aikin, ya yi makonni yana kan kunu da fura mai ruwa-ruwa. Yanzu haƙoransa sun koma daidai, leɓensa yana ji, ya fara tauna tuwo. Alhamdulillahi.