Ajin jitar jaz a Katsina: darasin kiɗa mai murya biyu da abin da ɗalibi zai tarar

A garin da kunne ya saba da kalangu da gurmi da kukuma, kuma mafi yawan situdiyo suka koma haɗa kiɗa da kwamfuta da fiyano, ba ƙaramin abu ba ne a sami wanda ya keɓe ɗaki yana koyar da jitar jaz, salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatan Amurka, balle a ce reshenta mafi wuya, wato kaɗa muryoyi biyu masu cin gashin kansu a kan jita ɗaya, a kuma ƙirƙire su nan take. Ajin yana cikin wani situdiyo a wajen Ƙofar Ƙaura, ana zama bayan la'asar a tashi kafin magariba. Na halarce shi har na isa in ce ya cancanci kuɗinsa, sai dai ba ajin kowa ba ne, kuma ɓangare ɗaya na alkawarinsa ya fi ɗayan cika.

Ginshiƙin karatun shi ne abin da Malam yake kira tafiyar saɓani: idan muryar sama ta hau, ta ƙasa ta sauka, idan ta sama ta sauka, ta ƙasa ta hau. Darasin farko sauti uku ne kacal, waɗanda ake kira da haruffan C, D da E. Muryar ƙasa tana tashi daga C zuwa D zuwa E, ta sama kuma tana saukowa daga E zuwa D zuwa C, ta yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta fara da matakan sauti goma, ta koma takwas, ta ƙare da shida, kowace ta sauka a sautin da 'yar'uwarta ta baro. Daga nan yake nuna sauran hanyoyin, wato muryoyin su nufi wuri ɗaya tare, ko ɗaya ta tsaya cak ɗayar ta motsa, domin ɗalibi ya ji da kunnensa dalilin da ya sa saɓani ya fi fito da kowace murya fili. Sai bayan wannan ya zauna ake shiga jerin haɗaɗɗun sautukan nan da ya cika kiɗan jaz, Dm7 zuwa G7 zuwa Cmaj7, inda sautin C na sama yake gangarowa zuwa B daidai lokacin da na ƙasa yake hawa daga D zuwa G.

Abin da ya fi burge ni a koyarwar shi ne Malam ba ya barin hannu ya riga kunne. Kafin ɗalibi ya kaɗa muryoyin tare, sai ya rera ɗaya da bakinsa yana kaɗa ɗayar, sannan ya musanya. Yakan ce Bahaushe ya riga ya san zancen murya biyu daga mawaƙi da 'yan amshinsa, bambancin kawai shi ne su suna karɓeɓeniya, a nan kuwa babu mai jiran wani ya gama. Wani matashi ya taɓa cewa, "Malam, ai da na haddace wurin da yatsu za su zauna, da ya fi sauri." Amsar da ya samu ita ce, "Ƙanena, in yatsa ya haddace kunne bai sani ba, ranar da ka kuskure gaɓa ɗaya a wuyan jita ba za ka san hanyar komawa ba." Wannan jinkirin yana gundurar wasu, amma a ganina shi ne ainihin abin da ake biya.

Wahalar hannu kuwa ba a ɓoye ta ba. Mai fiyano yana ba kowace murya hannu guda, amma mai jita dole yatsu huɗu na hagu su raba aikin, biyu su riƙe ƙasa, biyu su kula da sama, kuma ƙaramin yatsa, wanda da yawa daga cikinmu muka yi watsi da shi, shi ne ya fi shan aiki. A dama ana ajiye ɗan robar kaɗawa, babban yatsa ya ɗauki tsirkiyoyin ƙasa, manuni da na tsakiya su ɗauki na sama. Malam ya daɗe a kan wani abu da masu koyo da bidiyon intanet sukan tsallake: tsirkiyoyin jita shida, E, A, D, G, B, E, tazarar huɗu ce tsakanin kowace da mai bi mata, ban da tsakanin G da B inda take uku, saboda haka duk siffar yatsu da ta ƙetare wannan wuri sai ta canza. Haka kuma yana tsananta wa a kan riƙe sauti har ya cika lokacinsa, domin da zarar yatsa ya ɗaga da wuri, muryar ƙasa ta mutu, abin ya koma tsinke-tsinke.

Kayan karatun zaɓaɓɓu ne. Ana ɗaukar gutsattsari daga darussan murya biyu guda 15 da Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750, ya rubuta, sannan atisayen Jimmy Wyble, mutumin Amurka da ya yi kiɗa da shahararren makaɗin jaz Benny Goodman, ya kuma rasu a 2010 ana saninsa da wannan fanni. Ana sauraron George Van Eps da jitarsa mai tsirkiya bakwai, da faifan Virtuoso da Joe Pass ya ɗauka shi kaɗai a 1973, kuma Malam yakan tsayar da faifan ya tambayi inda muryar ƙasa ta nufa.

Inda ajin ya yi rauni shi ne ƙirƙira nan take, wadda ita ce rabin alkawarinsa. Atisayen da aka rubuta sun cinye lokaci, ta yadda ɗalibi zai iya kaɗa shafi guda tsaf, amma in aka ce ya shiga zagayen bulus, wani salon kiɗa mai alaƙa da jaz da ake kasa shi kashi 12, ya yi nasa, sai ya koma murya ɗaya. Babu mai ganga a ɗakin, sai metronom na waya, wato manhajar da ke buga lokacin kiɗa, kuma ba kasafai ake haɗa ɗalibai biyu su kaɗa tare ba, alhali da an ba kowane murya guda su yi ta saɓa wa juna, da tsoron ya ragu. Na so a ce kashi ɗaya cikin uku na kowane zama an bar shi don wannan.

Ɗakin ƙarami ne amma babu hayaniya, kuma ɗauke wuta ba ya tsayar da darasi tunda akwai jitar da ba ta bukatar amfilifaya. Ana biya wata-wata, kuma ɗalibi ne yake zuwa da jitarsa. Tsirkiya mai kyau takan yi wuyar samu a gari, yawanci sai an yi saƙo daga Sabon Garin Kano, kuma a lokacin hunturu icen jita yana bushewa har sauti ya riƙa kaucewa a gaɓoɓin sama, abin da yake fitowa ƙarara idan muryoyi biyu suna amo tare. Wanda bai san sunan kowane sauti a wuyan jitarsa ba, ko bai fara karanta rubutun kiɗa ba, gara ya fara da wannan tukuna, domin Malam ba ya komawa baya saboda mutum ɗaya. Wanda ya riga ya iya haɗa sautuka yana raka mawaƙi zai amfana ƙwarai, muddin ya nemi abokin kiɗa a waje da zai riƙa gwada ƙirƙirar da shi.