Yawon jirgin ruwa a Iskandariya: kuɗina bai tafi a banza ba

Mu 'yan kasuwar Agege da ke zuwa sari Alƙahira, da wuya mu leƙa Iskandariya, alhali tafiyar awa uku ce a jirgin ƙasa. Wannan karon na je, na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ya zagaya da ni.

Daga tsohuwar tashar jiragen ruwa ta gabas muka tashi, a jirgi mai tafiya da iska. Babu ƙarar inji ko warin fetur irin na kwalekwalen da ke kai mutane Tarkwa Bay a Legas. Matuƙin, wani dattijo mai haƙuri, ya bi da mu dab da ganuwar Ƙaitbay, wadda aka gina a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Ganinta daga cikin teku daban ne, wallahi: dutse fari tas, igiyar ruwa na dukan gindinsa, masunta na jefa ƙugiya daga gefe.

Abin da ya ɓata mini rai rigunan kariya ne. Ba su ishe mu ba, ga yara a cikin jirgin. Hajiya, Alhaji, ku ƙirga su kafin ku shiga.

Babban ɗakin karatun Iskandariya da aka buɗe a 2002 a gurguje aka wuce da mu. Amma mun samu azahar a masallacin Abul Abbas Almursi, daga nan muka ci gasasshen kifi a unguwar Anfushi. Ku daidaita farashi tun kuna kan tudu, har da kuɗin abincin.