Beyblade X bayan wata huɗu a gidanmu: abin da na gani game da kai, ƙugu da ƙafa

Jama'a tun ranar da na ɗora bidiyon yaran gidanmu suna kara Beyblade a tsakar gida mutane ke ta tambayata a inbos wai wanne za su saya, wanne ya fi ƙarfi, to yau dai na samu lokaci bari in faɗi abin da na gani da idona, don ni da kaina na zauna na buga abin nan sosai ba kallo kawai nake ba.

Ga wanda bai sani ba, Beyblade katantanwa ce ta zamani da ake karawa a cikin wani faranti mai murfi, wadda ta riga tsayawa ko aka wurgo ta waje ko ta wargaje ita ta faɗi. Duk wanda ya yi wasan koɗi yana yaro zai gane daɗin abin nan take, sai dai wannan ƙarfe ne kuma da na'ura ake harba shi ba da yatsa ba. Kamfanin Takara na Japan ne ya fara fito da shi a 1999, daga wata katantanwar gargajiya tasu da suke kira beigoma suka ɗauko dabarar, yanzu sunan kamfanin Takara Tomy, Hasbro kuma su ke sayar da shi a Amurka da Turai. An yi zubi na farko na roba, aka yi na ƙarfe a 2008, aka yi Burst a 2015, sai wannan X ɗin da ya fito a Japan a watan Yulin 2023. Shi na saya. Na Takara Tomy na yi oda, farantin Xtreme Stadium da guda huɗun farko wato Dran Sword 3-60F, Hells Scythe 4-60T, Wizard Arrow 4-80B da Knight Shield 3-80N, daga baya na ƙaro Phoenix Wing 9-60GF da Wizard Rod 5-70DB. Kuɗin kawowa ya ci ni ba kaɗan ba saboda farantin yana da girma duk da ba shi da nauyi, wannan ku sa shi a lissafi tun farko.

Waɗancan lambobi da haruffan da ke bayan suna ba ado ba ne, su ne ma labarin gaba ɗaya. Kowace ɗaya gida uku ce. Akwai Blade, ƙarfen sama, mu a gida kai muke ce masa. Akwai Ratchet, zoben roba na tsakiya, shi ne ƙugu. Sai Bit, ɗan tsinin da yake taka ƙasa, ƙafa ke nan. Idan ka ga 3-60F, ma'ana ƙugun yana da ƙahoni 3, tsayinsa milimita 6, ƙafar kuma Flat ce mai shafaffen baki. Kuma duk suna cirewa, ka ɗauki kan wannan ka haɗa da ƙugun wancan da ƙafar wani.

To abin da na fi so ku ji shi ne, yara da ma manya kai suke kallo in za su saya, saboda shi ne mai ƙyalli da hoton dodo, amma wlh a cikin farantin nan ƙafa ce take yanke hukunci fiye da komai, sai ƙugu ya biyo ta. Na gwada wannan ba sau ɗaya ba. Dran Sword da ƙafarta ta asali Flat, kana sakinta za ta fara zagaye faranti a guje kamar an tsikari doki, saboda bakin ƙafar mai faɗi ne yana kama ƙasa, sannan a jikin kowace ƙafa akwai haƙora kamar na giya, a gefen farantin ma akwai layin haƙora, da sun haɗu sai ka ji ƙrrr ta bi layin ya harbo ta tsakiya da gudun tsiya ta daki abokiyar karawarta. Wannan shi suke kira Xtreme Dash kuma shi ne sabon abin da X ta zo da shi. Amma ranar da ɗan yayata ya cire Flat ya sa mata Ball ta Wizard Arrow, Dran Sword ɗin nan da muka sani da rashin zama sai ga ta ta je tsakiya ta natsu tana juyi a hankali, kan bai canza ba, nauyin bai canza ba, amma halinta gaba ɗaya ya zama na wata daban. Ya ɗago ya kalle ni ya ce kawu ashe ƙafar ce. Tun daga ranar ya daina roƙona in sayo masa mai kyan hoto, sai dai ya tambaya wace ƙafa ce a ciki.

Ball ta fi kowacce daɗewa tana juyi a cikin na farkon nan, kuma in an doke ta tana karkacewa ta dawo ta miƙe. Needle ta Knight Shield tsini ne siriri, tana tsayawa cak a tsakiya amma da an ba ta duka mai kyau sai ta fara layi, ni dai ban ji daɗinta ba duk da an ce ta tsaro ce. Taper tana tsakani, tana ɗan kai hari da farko sannan ta lafa, ita nake ba ƙananan yara don ba ta da wuyar sarrafawa. Gear Flat da ta zo da Phoenix Wing kuwa gudunta ya yi yawa, sau da yawa ita da kanta take faɗawa ramin da ke bakin faranti ba wanda ya taɓa ta, kuma numfashinta gajere ne. Akwai wani abu da ban lura da shi ba sai da na jera su a tafin hannu, sandar da take shiga cikin ƙugu ba kauri ɗaya ba ce, ta Flat da Taper ta fi kama ƙugu gam, ta Ball da Needle ta fi sako-sako, shi ya sa masu daɗewar nan suka fi saurin wargajewa in aka same su a daidai. Wato an ba ka daɗewa an karɓe maka riƙo. Wannan tsarin ya burge ni gaskiya, wanda ya zana abin ya yi tunani.

Ƙugu kuma shi ne wanda kowa yake rainawa. A X wargajewa tana faruwa ne in kan abokin karawa ya daki ƙahon ƙugunka ya murɗa shi har makullin ya buɗe, don haka duk yadda ƙugu ya fi tsayi ko ƙahoninsa suka fi fitowa waje, haka ya fi zama a fili. Wizard Arrow da 4-80 ɗinta ta sha wargajewa a hannunmu har yaran suka daina ɗaukarta, doguwa ce, Dran Sword tana shigowa ta ƙasa ta daki ƙugun kai tsaye sai ka ga gida uku sun watse a faranti. Da muka sauke ta zuwa 60 abin ya ragu sosai. Wanda ya fi min duka shi ne 9-60 da ya zo da Phoenix Wing, ƙahoni tara ne amma ƙanana, kusan zagayayye ne, ba inda duka zai kama da kyau. A gidanmu har rigima ake a kansa saboda guda ɗaya ne.

Ba wai kai ba shi da amfani ba fa. Nauyi da siffa suna aiki. Phoenix Wing ta kai wajen giram 38, ta fi na farkon nan nauyi a fili, in ta daki Knight Shield sai ka ji ƙarar ta bambanta, matsalarta ɗaya jan fentin da ke jikinta yana ɓarewa, tamu cikin sati biyu bakinta ya koma fari. Wizard Rod kuwa daga layin UX take wanda aka fara a 2024, inda suka tura ƙarfen zuwa baki-baki suka bar tsakiya roba, faffaɗa ce kuma kusan da'ira, to nauyin da ke gefe yana sa ta daɗe tana juyi kuma duka yana zamewa a jikinta. Yadda ta zo a kwali da 5-70DB tana da kyau, amma da muka haɗa mata 9-60 da Ball sai ta zama abin da ba a iya kayarwa a gidan sai da sa'a, har na kafa doka ba a ɗaukarta sai a wasan ƙarshe. Masu gasa a waje ma sun daɗe suna amfani da irin wannan haɗin, ba mu muka gano ba. Abin da yake kayar da ita shi ne mai hari da ya same ta tun a daƙiƙun farko kafin ta zauna, in ta wuce nan to sai dai ka tsaya kana kallo har taka ta kwanta.

Kuma lissafin maki shi yake sa zaɓin sassan nan ya zama da ma'ana. In ka fi abokinka daɗewa maki 1 ne, in ka wargaza shi ko ka jefa shi ramin gefe maki 2, in ka cusa shi babban ramin da ke tsakanin ramukan gefen biyu maki 3, wanda ya fara kai 4 ya ci. Don haka mai Ball yana tara ɗaya-ɗaya cikin natsuwa, mai Flat kuma yana iya faɗuwa sau uku a jere sannan ya tashi da duka biyu ya gama wasan. A tsarin gasa na uku-uku kowa yana zuwa da guda uku kuma ba a maimaita sashe ɗaya, ba za ka sa 9-60 a duka ukun ba, dole ka zauna ka yi tunanin wa za ka ba mai kyan. Mun fara yin haka ranar Asabar da yamma kuma ya fi daɗi nesa ba kusa ba, yaran har takarda suke ɗauka suna rubuta haɗinsu a ɓoye.

Abin harbawa iri biyu ne, mai dogon zare na roba da ake zarewa da kuma mai igiya da take komawa da kanta, wanda ya zo da Phoenix Wing. Mai igiyar ya fi sauƙi ga yara. Hannu ma yana da nasa, Flat tana son a ɗan karkata ta wajen saki don ta riƙa ratsa tsakiya, in ka sake ta a miƙe sai ta yi ta zagaye a banza har ta gaji.

Sai maganar jabu. Kafin odar tawa ta iso na sayi wasu guda biyu masu arha a wani shago don yaran su rage zumuɗi, kwalin kamar gaske, amma ƙugunsu ko dai ya ƙi kullewa ko ya kulle ya ƙi buɗewa, haƙoran ƙafar ɗaya suka cinye cikin kwana uku, bakin ƙarfen kuma ya fara ɓantarewa yana barin gari a faranti, na kwashe su na zubar don akwai mai rarrafe a gidan. Ku duba sunan Takara Tomy ko Hasbro a kwali. Ku sani kuma Hasbro suna canza suna, Dran Sword a wajensu Sword Dran ce, Phoenix Wing kuma Soar Phoenix, Wizard Rod ita ce Wand Wizard, kada ka sayi abu ɗaya sau biyu. Sassan kamfanonin biyu suna shiga juna.

Abin da ban so ba shi ne ƙara, ƙarfe ne yake dukan ƙarfe a cikin roba, da daddare ba ya yiwuwa in akwai mai barci. Kuma kada a bar yaro ya sunkuya da fuskarsa a kan farantin ko a buga ba murfi, Hasbro ma shekara 8 zuwa sama suka rubuta. Ƙafafun ma suna cinyewa da amfani, Flat ɗinmu ta fara zama sulɓi ba ta kama layi kamar da.

Wanda zai fara, shawarata ya ɗauki faranti na asali, Dran Sword, Phoenix Wing saboda 9-60 da abin harbawa mai igiya, Wizard Rod, da Wizard Arrow don Ball ɗinta kawai. Ku lura Wizard Rod ba ta zuwa da abin harbawa. Knight Shield za ka iya barinta. Ni yanzu ƙafar Rush nake nema, an rage mata haƙora zuwa 10 don gudun ya zama mai saiti, ina so in ɗora ta a ƙarƙashin Phoenix Wing in ga ko za mu samu mai kayar da Wizard Rod ɗin nan kafin hutun yara ya ƙare.