Abney Park ko mutanen Landan masu dogon suna: da wa za ka fara?

Ƙanena, ka ce ka ga hotunan wasu Turawa sanye da tabarau na tagulla da dogayen huluna, an ce maka mawaƙan steampunk ne, aka kuma ba ka sunaye biyu, Abney Park da The Men That Will Not Be Blamed for Nothing. Kana tambaya ko kiɗansu iri ɗaya ne, kuma da wa ya kamata ka fara. To, kiɗansu bai ko yi kama ba. Ba laifin wanda ya haɗa maka su ba ne, domin steampunk ba sunan wani kiɗa ba ne da za ka ji ka gane shi kamar kalangu ko kuntigi. Ƙirƙirarriyar duniya ce: a ɗauka zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, bai wuce ba, injin tururi shi ne har yau yake jan komai. Marubuci K. W. Jeter ne ya raɗa sunan a 1987 cikin wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus, kuma littattafai yake nufi. Mawaƙa daga baya suka shigo, kowa da kayan kiɗan da ya saba da su.

Abney Park 'yan birnin Seattle ne na Amurka. Robert Brown ya kafa ƙungiyar a 1997, kuma shekarunsu na farko kiɗan goth suke yi, mai duhu da amon injina. Kundinsu na 2008, Lost Horizons, shi ne ya tsayar da su a matsayin da aka san su da shi yanzu. Suka ƙaga wa kansu tarihi: wai jirginsu na sama ne ya yi karo da wani ƙaton jirgin balan-balan mai ratsa zamani, sunansa Ophelia, suka gaje shi suka zama 'yan fashin sararin sama. Brown ya koma Kyaftin Robert. Su kuwa masu dogon sunan a Landan suka haɗu a 2008, Andrew O'Neill da Andy Heintz ne suka fara, kuma ba su ƙaga wa kansu wani jirgi ba. A ƙasa suke, cikin taɓo.

Dubi inda kowa ya samo suna, za ka ga bambancin tun daga nan. Amurkawan sun ari sunan wata tsohuwar maƙabarta da ke Stoke Newington a arewacin Landan, wadda aka buɗe a 1840, wuri mai bishiyoyi da kaburburan dutse da ciyawa ta lulluɓe. Ingila ce ta mai hange daga nesa, kyakkyawa, mai ɗan ban tsoro. 'Yan Landan ɗin kuma sun ɗauko nasu ne daga wani rubutun alli da aka gani a bango a titin Goulston, a daren 30 ga Satumba 1888, lokacin da mai kisan matan nan da ake kira Jack the Ripper ya addabi unguwar Whitechapel. Rubutun ya ambaci Yahudawa, shi ya sa shugaban 'yan sandan birnin, Charles Warren, ya sa aka goge shi kafin gari ya waye don gudun tarzoma. Ɗan gida ne kaɗai zai je ya tono irin wannan ya maƙala wa kansa.

A kunne, Abney Park ta fi sauƙin shiga. Akwai goge irin na Turawa, akwai akodiyon, akwai kiɗan kwamfuta a ƙarƙashi, sannan Brown da kansa yana buga darbuka, 'yar gangar nan ta Larabawa. Wanda ya tashi da sauraron waƙoƙin Sudan ko na Masar a rediyo zai ji wani abu da ya saba da shi, ko da yake ni a wurina aron nasu bai cika zurfi ba, kamar yaji ne da aka barbaɗa a sama. Suna kuma son salon waƙoƙin matuƙan jirgin ruwa na da, wanda mutum ɗaya ke bayarwa sauran su amsa. Kiɗa ne na tafiya, za ka iya sa shi kana tuƙi ko kana guga.

Na biyun fa, kar ka sa su kana neman barci. Punk ne tsagwaronsa, wani lokaci har ya zarce zuwa metal: gita mai ƙara, ganga da gudu, murya kamar ana faɗa a tasha. Sai kuma kwatsam su sauka su koma waƙar gidan rawa ta talakawan Landan na wancan ƙarni, da karin harshen unguwa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zarto. Heintz ya riƙa kaɗa zarto na kafinta, irin wanda ka sani. Ana matse mariƙin tsakanin gwiwoyi, a lanƙwasa bakin ƙarfen da hannu ɗaya, a goga masa bakan goge a gefen da ba haƙora. Sautin da ke fita siriri ne mai rawa, kamar kukan iska a cikin bututu, kuma gwargwadon lanƙwasawa gwargwadon tashin muryar. Ka ji wannan a tsakiyar hayaniyar gita, sai gashin jikinka ya tashi.

Akwai wani abin da suka yi a 2010 da har yanzu yake ba ni dariya. Sun fitar da wata waƙarsu mai suna Sewer, wato lambatu, a kan gwangwanin kaki, abin da ake naɗar murya a kai tun kafin faifan garmaho ya samu karɓuwa. Kwafi 40 kacal. Irin wannan gwangwani minti biyu yake ɗauka, kuma kusan duk wanda ya saya ba shi da na'urar da zai saurara. Kundinsu na farko ma sun ba shi suna mai kwaikwayon wani sanannen jerin kundaye, kamfanin waƙoƙi na EMI ya yi musu barazanar kotu a 2012, sai suka sake masa suna zuwa abin da ke nufin kundin da shari'a ta hana a faɗi sunansa. Ba mamaki, O'Neill da wanda ya kaɗa musu gitar bes, Marc Burrows, 'yan barkwancin dandamali ne. Sai dai ka sani bakinsu ba linzami, ashar ba ta yi musu wuya. In su Baba suna kusa, sa abin kunne.

Inda na fi so ka lura shi ne abin da kowa ke waƙa a kai. Abney Park tana waƙar gudu ne daga wannan duniya: a hau jirgi, a bar ofis da bashi, a tafi inda ba mai mulkin kowa. Masu dogon suna suna waƙar ainihin Landan ta wancan zamani, da cuta da talauci da yara a masana'anta da munafuncin masu kuɗi, har da injiniyoyi irin su Brunel mai gina gadoji da layin dogo. Birnin da a 1858 warin Kogin Thames ya hana 'yan majalisa sakat har aka amince Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙazanta. Ɗaya daga kundayensu ma, na 2015, sunansa na cewa su ba irin 'yan zamanin Biktoriya da aka saba gani ba ne.

Ni dai nan ne zuciyata ta karkata. Mu zamanin tururi bai zo mana da tabarau na ado ba. Ya zo ne da jiragen Kamfanin Royal Niger a kan Kwara, aka ci Kano da Sakkwato a 1903, shekara biyu bayan rasuwar sarauniyar, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911 ya fara kwasar gyaɗa. Saboda haka in na ga Bature ya sa hular hana-sallah ta Joji yana rawa, sai na ji wani iri, kuma steampunk cike yake da masu wannan shigar. Masu dogon suna aƙalla sun san daular ba abin kewa ba ce, suna kuma faɗa da bakinsu.

Duk da haka, da Abney Park nake so ka fara, ka saurari Lost Horizons daga farko har ƙarshe, domin shi ne abin da yawancin mutane ke nufi in sun ce kiɗan steampunk. Bayan kwana biyu ka koma wa 'yan Landan, kana riƙe da rubutun waƙoƙin a waya, don in ba haka ba karin harshensu zai sa rabin barkwancin ya wuce ka. In kuma ƙannenka ne za su kalla tare da kai, bar waɗannan biyun ka nemo Steam Powered Giraffe na San Diego, waɗanda suka fara wasa a filin shaƙatawa na Balboa suna shafa fenti a fuska suna motsi kamar mutum-mutumin ƙarfe.