Injin 60 guda biyu ko na 40 guda uku: wanne ya fi shan mai?

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambayi injin jirgin ruwa da ya fi shan mai, mai ƙarfin doki 60 guda biyu ko mai doki 40 guda uku. Ka ɗauki Yamaha 60 ɗin guda biyu, ka ƙyale 40 guda ukun da ake yi maka talla, ko da an ce za a yi maka ragi. A lissafi duk ɗaya ne, doki 120 nan, doki 120 can, amma wurin shan mai ba ɗaya ba ne, musamman a jirgin kaya irin wanda za ka saka a ruwan Goronyo.

Injin 40 irin Enduro na Yamaha, mai shan fetur haɗe da baƙin mai, idan aka murɗe masa totur har ƙarshe yana cinye kusan lita 20 a awa. Uku ke nan lita 60. Shi kuwa 60 ba ya kai lita 30 a awa, biyun tare lita 50 da 'yan kai ne. Ka ga tun jirgi bai ɗauki buhu ko ɗaya ba an bar ka a baya, tafiyar awa uku zuwa huɗu ka yi asarar jarka mai lita 25. Kar ka manta da baƙin man haɗi, rabin lita ne a kowace jarka idan kana bin ma'aunin 50 da 1, shi ma kuɗi ne. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, mutum zai iya kawar da kai daga irin wannan bambanci. Yanzu kam shi ne ribar ranar gaba ɗaya.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ƙafar injin, wato sashen da ke nutse a ruwa mai ɗauke da giya da farfela. Kowace ƙafa birki ce. Wanda ya taɓa zura ƙafarsa cikin ruwa jirgi na gudu ya san yadda ruwa ke fizgar ta baya. To inji na uku sai ya fara ƙona man da zai ja tasa ƙafar kafin ya tura jirgi ko taku ɗaya. Ga shi gindin jiragenmu ba su da faɗi, idan aka jera uku sai farfelolin su matsu, ta tsakiya ta riƙa cin ruwan da na gefe suka riga suka dama, kumfa ce kawai take juyawa. Za ka ji ƙara ta cika kunne, gudu kuwa bai ƙaru yadda ƙarar ta nuna ba.

Ni 60 biyu ne a bayan nawa, kuma wallahi ban taɓa jin sun gundure ni ba. Ranar kasuwar Goronyo idan mun yi lodin albasa da shinkafa, duka biyun nake tayarwa, in tsayar da totur wajen kashi uku cikin huɗu. Da an sauke kaya za mu juyo wayam, sai in kashe ɗaya, in ɗaga ƙafarsa sama ta fita daga ruwa, ɗayan ya kawo mu gida a hankali. Man dawowa ba ya kai rabin na tafiya. Akwai wata damina da taru ya naɗe mini farfelar hagu a tsakiyar ruwa, ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa mu, ga mata da yara zaune a kan buhuna. Yarona ya ɗaga injin ya kwanta rub-da-ciki a gindin jirgi yana yanke zaren da wuƙa, ni kuma na dama kaɗai na riƙe, na sa hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa har muka kai gaɓa. Ba wanda ya jiƙe sai shi yaron. Tun daga ranar nake ganin girman injinan nan, don 60 guda yana da ƙarfin da zai riƙe jirgi mai kaya shi kaɗai.

Ukun kuwa, abin da zan iya faɗa masa na alheri ɗaya ne: idan guda ya mutu saura biyu. Shi ke nan. Wani maƙwabcinmu a kwata ya jera su don a ce jirginsa ya fi na kowa, bakanikenmu ya dubi na tsakiyar ya ce masa, “Alhaji, wanga mai kawai shika sha.” Ba a daɗe ba ya cire shi ya sayar. Ga farfela uku, man giya uku, robar famfon ruwa uku, kuma hannu biyu Allah Ya ba matuƙi, sai an haɗa su da sandar ƙarfe kafin su juya tare.

Na san inda aka samo sha'awar. Ana ganin bidiyon jiragen gudu na Amurka da Dubai da inji uku ko huɗu a jere, kowanne doki 300. Waɗancan an ƙera su ne don su ɗago su yi ta zamiya a saman ruwan teku, kuma idan jirgin ya yi nauyin da biyu za su riƙa nishi kafin su ɗaga shi, to uku masu tafiya a sake na iya shan mai daidai da biyun da aka takura. Namu dogon jirgi ne mai tsaga ruwa, yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yarda da shi. Idan ka kai wannan iyaka, duk totur ɗin da ka ƙara gindi kawai zai nutse, igiyar ruwa ta tashi a baya, mai ya tafi a banza. Shi ya sa sassauta totur kaɗan ke rage shan mai da kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali mintuna kaɗan ne za su ƙaru a tafiyar. Sannan ka tuna da rani, lokacin da kogin Rima ke ja baya yashi ya fito, ga ciyawar kacalla. Duk ƙafar da ke cikin ruwa a lokacin, neman abin da za ta buga take yi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu ɗauko tsohon inji daga Legas ko Warri wanda ruwan gishiri ya cinye cikinsa, su fesa masa fenti, su manna sabuwar sitika, su ce tokumbo ne bai taɓa aiki a ƙasar nan ba. Wasu murfin kawai suke musanyawa, a ɗora mai lamba 60 a kan ƙaramin inji. Kar ka yarda da murfi, ka duba farantin lamba da ke jikin maƙalin injin inda ake ɗaure shi da jirgi. Ka tafi da bakanikenka, ba nasu ba. A kwance ƙusar man giya ka gani da idonka, idan ya fito fari kamar madara ruwa na shiga. A tayar da shi a cikin durom, ka taɓa shi tukuna ka tabbatar da sanyi yake ba su riga sun ɗumama shi ba, ka kuma ga yana fitsarin ruwan da ke sanyaya shi da ƙarfi. Wanda ya hana ka cire fulogi ko gwada matsin silinda, ka mayar da kuɗinka aljihu. Kuma biyun su kasance samfuri ɗaya, farfela iri ɗaya, in ba haka ba ɗaya zai riƙa jan ɗaya, man da ka guje wa asararsa ya tafi ta nan.