Sandar nan mai ƙafa huɗu da na saya wa Inna

Jama'a wata huɗu ke nan da na saya wa Inna sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu a wani shagon kayan asibiti, bari in ba ku labarin yadda muka kaya da ita. Santsin tayil ne ya kwashe ta da asuba ta shiga alwala, Allah ya taƙaita ƙugu bai karye ba amma sai da ta yi sati biyu a kwance. Shekararta 74, ga suga ya sa tafin ƙafarta ba ya ji sosai, cewa take kaman auduga take takawa, ga yanar ido, ga maganin hawan jini da in ta miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ta. Kuma tsoho ai ba ɗaga ƙafa yake ba, ja yake yi, bakin tabarma ma ya isa ya harɗe shi, mu in mun zame wuf muke mu dafa bango, su kuwa kafin hannu ya kai an riga an kai ƙasa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kusan mutum 684,000 faɗuwa ke kashewa duk shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura 60 abun ya fi ci.

Sandar dai gaskiya ta yi. Da kanta take tsayuwa, in Inna za ta gyara zani sai ta sake ta ba sai ta sunkuya ɗauka ba, kuma ana ƙara mata tsawo da wani ɗan maɓalli. Ashe ma ba daidai muke amfani da ita ba, likitan gashin ƙashi ne ya ce mariƙin ya tsaya daidai wuyan hannunta in tana tsaye, sannan ta riƙe da hannun da ba ɓangaren ƙafar mai ciwo ba.

Amma fa tana da nauyi, kuma a matakalarmu ƙafa huɗun ba sa zama, a tsakar gida inda siminti ya farfashe sai ta dinga rawa. Abun da ya fi ba ni haushi robar ƙasan, wata uku ta siɗe, ƙarfe a kan jiƙaƙƙen tayil kuwa wlh gara babu sandar. Na koma shagon wai ba sa sayar da robar daban, sai dai in sayi sabuwa, ji fa.

Tsoffin silifas ɗinta ma na ɓoye, na kawo takalmi mai kama dunduniya da shimfiɗar roba ta banɗaki, har yau tana mitar silifas ɗin. Ranar da na kawo sandar cewa ta yi "ni za ka mayar tsohuwa?", yanzu ko awaki da ita take kora. Don Allah wanda ya san inda ake samun robar nan a Kano ya taimaka.