HARO: dandalin da ke haɗa ɗan kasuwa da 'yan jarida, da wanda zai amfana da shi

Cikakken sunansa Help a Reporter Out. Peter Shankman ne ya kafa shi a Amurka a 2008, kamfanin Vocus ya saye shi a 2010, daga baya ya koma hannun kamfanin Cision. Su ne suka sauya masa suna zuwa Connectively, suka rufe shi a Disambar 2024. Featured.com ya sayi sunan a 2025 ya dawo da tsarin imel na da, kuma kyauta ne.

Aikin ba shi da wuya. Za ka yi rajista a matsayin masani, imel ya riƙa shigo maka har sau 3 a rana a ranakun aiki, ɗauke da tambayoyin 'yan jarida. Kowace tambaya tana zuwa da irin masanin da ake nema da lokacin rufewa. Idan amsarka ta shiga, sunanka da na kamfaninka za su fito a cikin labari a matsayin wanda ya san harkar. Mai karatu ya fi yarda da wannan fiye da talla, don ya san talla kuɗi aka biya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne amsar. Layin farko ya faɗi ko kai wane ne da shekarunka a sana'ar. Sannan kalmomi 100 zuwa 200 da ɗan jarida zai iya ɗauka kai tsaye ba sai ya gyara ba. Idan an tambayi abin da ke sa a mayar da kayan gona daga tashar jiragen ruwa, mai fitar da riɗi ko zoɓo ya yi maganar danshi, da ragowar maganin ƙwari, da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Wanda ya buɗe da yabon kamfaninsa ko jerin farashi, an wuce shi. Haka amsar da na'ura ta rubuta; sun cika akwatunan 'yan jarida, kuma ana gane su saboda duk bakinsu ɗaya.

Sauri ma yana da muhimmanci, ga shi Kano tana gaban New York da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Imel ɗin yammacinsu da dare yake iso mu, kafin gari ya waye wasu sun riga ka. Na safiyarsu, wanda ke shigowa da hantsi, shi ya fi dacewa a tsare.

Babu alkawarin komai. Yawancin amsoshi shiru za ka ji, ɗan jaridar da ya yi amfani da taka ma ba lalle ya sanar da kai ba, don haka ka saka sunanka a Google Alerts, tsarin Google da ke turo maka imel idan sunan ya fito a intanet. Ba kowace jarida ke sa mahaɗi zuwa shafinka ba.

Tambayoyin da Turanci suke, kuma akasari kan kasuwar Amurka. Ya dace da mai fitar da kaya waje, da mai rubuta manhaja, da mai ba da shawara da ke neman abokan hulɗa a ƙetare. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa kuwa, masu sayen kayansa rediyo suke ji. Gara ya ba furodusan shirin kasuwanci a Freedom Radio ko wakilin Aminiya lambarsa, ya kuma ɗaga waya ranar da farashin Dala ya motsa.